Zariya Ba Faɗin Titi Ta Rasa Ba, Mahaɗa Ta Rasa

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanen Zariya, har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja. Duk lokacin da hanya ta cushe a Agoro, ko a kan gadar Kubanni, ko a Kwangila da yamma, sai ka ji wani ya ce, "Gari ne ya cika, mutane sun yi yawa." Na kusa da shi ya karɓe: "Ai sai gwamnati ta faɗaɗa titin nan." In akwai mai ɗan hali a wurin, sai ya rufe zancen da cewa shi dai ya kusa hutawa, ya sayi fegi a bayan gari inda babu hayaniya. Magana uku ce, amma tushenta ɗaya: yawan jama'a ne ciwon, maganinsa kuwa faffaɗan titi da gudu zuwa sabuwar unguwa. Tsofaffin unguwanni irin Tudun Wada, a wannan fahimta, zamaninsu ya wuce.

Masu faɗin haka ba mutanen da za a raina ba ne. Cikinsu akwai iyayenmu da malamanmu, akwai direbobi da 'yan acaba waɗanda suka fi kowa sanin hanyoyin garin nan. Abin da idonsu ya gani suke faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a haɗe sun doshi mutum dubu 700, kuma tun daga lokacin ba a daina haihuwa ba, ba a daina shigowa ba, musamman da rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka. Babura da Keke Napep sun ninka. Duk wannan ban musa ba. Inda nake neman izinin saɓa wa manya shi ne wajen ɗora laifin gaba ɗaya a kan yawa. A ganina, abin da ya fi cutar da zirga-zirga a Zariya shi ne yadda muke yanka sababbin unguwanni da layukan da ba sa haɗuwa da juna, sannan mu rataye su duka a wuyan titi guda.

Mu fara da Tudun Wada kanta, tunda ita ake kafa misali da ita. Turawan Ingila sun kafa sansani a Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911. A shekarun farko na mulkinsu suka raba garin gida-gida: Birni ga Zazzagawa, Sabon Gari a gefen tashar jirgi ga ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda akasarinsu daga Kudu suke, unguwar Turawa ga su kansu, sai Tudun Wada, tsakanin ganuwa da rafin Kubanni, ga 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan asalin Birni ba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, har ta tanadi filin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin mazaunin Bature da na baƙar fata. Ba don son mu aka yi wannan tsari ba, wariya ce tsagwaronta, kuma har yau muna biyan bashinta, kamar yadda zan nuna a gaba. To amma wajen awon cikin unguwa, safiyon wancan zamani ya yi wani abu guda mai amfani: ya ja layuka a tsaye, ya ja wasu a gicciye, kowane layi ya ɓulle ga wani. A Sabon Gari har da siririn lungu aka bari a bayan gidaje domin masu kwashe bahaya.

Wanda ya tashi a tsohuwar Tudun Wada ya san amfanin wannan ko da bai taɓa sa masa suna ba. In an kafa rumfar biki a layinku, ka bi na baya. In ana jana'iza an tare hanya, ɗan acaba ya karya kwana ya ɓulle ta gaba, bai yi asarar minti biyu ba. Yaro ya tafi Islamiyya, ya tafi kasuwa, ya tafi asibiti, duk a ƙasa, bai hau babban titi ba sai inda ya zama dole. Layukan sun saƙu kamar tabarmar kaba, in zare ɗaya ya tsinke sauran na riƙe da juna.

Lissafi ma ya goyi bayan wannan. Ɗauki unguwa mai jerin gidaje uku a tsaye, uku a gicciye, layuka sun ratsa tsakaninsu. Daga wannan kusurwa zuwa waccan da ke fuskantarta akwai hanyoyi 20, dukansu tsawonsu ɗaya. In jerin ya zama huɗu da huɗu, hanyoyin sun koma 70. Amma unguwar da layukanta ba sa ɓullewa, kowane lungu sai ya koma ga uwar hanya, komai girmanta hanya ɗaya tak ce tsakanin kowane gida biyu. Mutum dubu goma a unguwa ta farko za su watsu cikin layuka, ba za ka ji nauyinsu ba. Mutum dubu goma a ta biyu kuwa dole su haɗu a bakin mashiga guda da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Yawan ɗaya ne, wahalar ce ta bambanta.

Yanzu mu dubi yadda sababbin unguwanninmu ke haihuwa, waɗanda ake gudu zuwa cikinsu. Mai gona a bayan gari, ko magadansa, sun ga gari ya iso su. Sai a kira dillali, a zo da igiya da turaku, a yanka. Wannan shi ne awon igiya, kuma shi ya samar da mafi yawan gidajen da talaka da matsakaicin ma'aikaci suke ciki a yau, don haka ba zan zage shi ba. Awon gwamnati bai taɓa isar mutane ba. Amma dillali da fegi ake biyansa, ba da hanya ba. Duk taku ɗaya da ya bar wa layi, a wurinsa kuɗi ne ya zube. Sai ya bar ɗan abin da mota ɗaya za ta iya kutsawa, ya ja shi har iyakar gonar, a nan ya toshe shi da fegi na ƙarshe, domin abin da ke bayan iyaka ba nasa ba ne. Bayan shekara biyu mai gonar da ke maƙwabtaka ya kira nasa dillalin, shi ma ya ja nasa layin ta inda ya fi masa riba. Layukan biyu su saɓa da taku goma, ko su ƙare baya da baya, katanga a tsakani. Haka siffar tsofaffin gonaki take daskarewa ta zama siffar gari.

Daga nan sai cin hanya ya biyo baya. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa masai a waje, na gaba ya manna shago a jikin katanga. Layin da aka bari taku goma sha biyu ya koma takwas. Sakamakon kowa ya san shi, sai dai ba mu cika danganta shi da asalinsa ba. Gidaje biyu na jin kiran sallar masallaci ɗaya, yaransu na magana ta kan katanga, amma in matar wannan gida za ta je barka a wancan sai ta fita babban titi ta zagayo, wataƙila ma sai ta hau babur. Ɗan garuwa ya ƙara kuɗi saboda zagaye. Motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya a bakin layi tana kallon hayaƙi. Mai naƙuda da dare, sai an tallabo ta zuwa inda mota ta iya tsayawa. Kuma duk tafiyar da a Tudun Wada ƙafa ce ke yin ta, a nan ta zama ta inji, injin kuma babban titi zai hau. Mutumin da ya gudu daga cunkoso ya koma bayan gari, shi ne da safe yake cikin jerin motocin da suka cushe Kwangila, ba da laifinsa ba.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A 2020 wasu masana biyu, Christopher Barrington-Leigh na Jami'ar McGill a Kanada da Adam Millard-Ball na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, sun wallafa binciken da suka yi a kan taswirar titunan duniya, kimanin kilomita miliyan 46, suna duba yadda tituna ke haɗuwa da kuma lokacin da aka gina kowane yanki tun daga 1975. Sun gano cewa a kashi 90 cikin ɗari na ƙasashe 134 mafi yawan jama'a, titunan da ake yi daga baya sun fi na da rashin haɗuwa. Kudu maso gabashin Asiya, inda Bankok take, nan abin ya fi muni, saboda rukunan gidaje masu katanga da ƙofa ɗaya. Ƙasashe irin su Ajantina da Bolibiya da Peru, waɗanda suka riƙe tsarin layuka masu gicciye, su ne a ɗaya gefen. A wani bincikensu na 2015 sun nuna cewa Amurka, wadda ta koya wa duniya yayin lungu marar ɓullewa, ta kai ƙololuwar abin a wajen 1994, daga nan ta fara ja da baya. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninsu shi ne cewa gini yana rushewa a sake wani, amma layin hanya in an ja shi ya zauna ke nan, ƙarni bayan ƙarni. Tudun Wada shaida ce. Gidajen ƙasa na farko kusan duk sun tafi, bulo da bene sun maye gurbinsu, layukan kuwa suna nan inda aka ja su fiye da shekara 100 da suka wuce. Abin da dillali ya yanka jiya a Dakace ko bayan Shika, jikokin jikokinmu za su bi shi.

Sai bashin wariyar da na ambata. Zariya ba ta tashi a dunƙule ba, a warwatse ta tashi, kuma manyan cibiyoyinta, waɗanda su ne abin alfaharinta, kowace ta zo ta kama makeken fili ta kewaye. Barikin horar da sojoji tun 1924, Kwalejin Barewa da ta dawo Zariya a 1949, harabar Kongo, Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan a 1964 da filin saukarta, barikin Basawa. Haɗa da layin dogo, da Kubanni mai 'yan gadoji ƙalilan, da babbar hanyar Kaduna zuwa Kano da ta tsaga garin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shinge ne da ba a ratsawa sai ta wuri ƙidayayye. Shi ya sa daga PZ zuwa Kwangila, Hanwa, Palladan, Zango, Samaru har Shika, rayuwar dubban ɗaruruwan mutane ta rataya a kan hanyar Sakkwato ita kaɗai. Da asibitin koyarwa na jami'ar ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, majinyacin Birni da na Gyallesu da na Tudun Jukun, wanda a da yake isa asibiti cikin 'yan mintuna, shi ma ya shiga sahun wannan hanya. Ɗalibi, malami, soja, majinyaci, tirelar da ta nufi Funtuwa, duka a maƙogwaro guda. Ko da yawan mutanen Zariya rabin na yau ne, irin wannan shimfiɗa sai ta shaƙe.

To, faɗaɗa titi fa? Ba na cikin masu kushe aikin da aka yi. Shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara a 2019 ya taɓa Zariya, gadar sama ta Ƙofar Doka ta sauƙaƙa wa masu wucewa, kuma duk wanda ya san wurin a da zai faɗi haka. Sai dai faɗi yana ƙara wa hanya ɗaya ƙarfin ɗauka ne kawai, ba ya samar da ta biyu. Ranar da tanka ta faɗi a kai, ko aka rufe don wani taro, faɗin bai hana kowa tsayawa ba. Kuma gogewar wasu ƙasashe ta nuna cewa titi in ya faɗaɗa yana kiran ƙarin motoci, yana kuma ƙarfafa mutane su ƙara nisa da gari. A birnin Hustan na Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya mai suna Katy, aka gama a 2008, a wasu wurare ta kai layin mota 26 in an haɗa da na gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a kanta ya sake hauhawa. Akwai kuma abin da faffaɗan titi mai shinge a tsakiya yake yi wa mai tafiya a ƙasa: tsohuwa da ke tsallakawa gidan 'yarta, yanzu sai ta nemi inda aka bar kafa. Kuɗin diyya da rusau da ake kashewa a faɗaɗa kilomita ɗaya a tsakiyar gari zai iya sayen filin hanyoyi masu yawa a bayan gari tun suna gona.

Hujja mafi nauyi da za a kawo mini ita ce tsaro, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci. Mutanen gefen Zariya sun ga tashin hankali. Harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, aka kwashi ɗalibai da malamai, bai bar zukata ba, haka hare-haren da aka kai wasu unguwannin bakin gari. Wanda ya sa ƙofar ƙarfe a bakin layinsu, ya ɗauki 'yan sintiri, ba zan ce ya yi wauta ba. Abin da nake roƙo a bambance shi ne ƙofa da katanga. Ƙofa ana rufe ta da dare a buɗe da asuba, ranar da Allah ya kawo zaman lafiya a cire ta, hanya na nan. Kakanninmu ma haka suka yi: ganuwar Zazzau tana da ƙofofi ta kowace fuska, Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Tukur-Tukur da sauransu, ana rufewa ana buɗewa. Amma layin da aka toshe da gida, an toshe shi har abada saboda tsoron shekara goma. Kuma a tuna, mashiga ɗaya ita ce mafita ɗaya. In gobara ko ambaliya ko maharan ne suka tare ta, na ciki ba su da ta biyu, masu kawo ɗauki ma haka. Layin da mutane ke bi, mai shago a buɗe da mai shayi da dattawa a dakali, ya fi lungun da ba kowa wuyar yi wa ɓarna da rana.

Wani zai ce ai cikin Birni ma lunguna ne, kuma mun rayu a ciki ɗaruruwan shekaru. Haka ne, kuma mota tana shan wuya a can. Amma Birni don ƙafa da jaki da doki aka gina shi, manyan hanyoyinsa sun taso daga ƙofofi sun nufi Fada da Masallacin Juma'a da kasuwa, yawancin lungunansa kuma in ka san gari suna ɓullewa. Masallaci, makarantar allo, mahauci, maƙeri, duk suna kusa. Sabuwar unguwa ta ɗauko ƙuncin lungun Birni ta bar kusancinsa, ta ɗauko nisan unguwar Turawa ta bar faɗin hanyarta.

Addininmu ma bai bar wannan babi ba, kuma ina mamakin yadda ba a cika jin sa a wa'azi ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci da zira'i bakwai a matsayin faɗin hanya idan mutane suka yi saɓani a kanta. Malaman Malikiyya sun bambance hanya mai ɓullewa, wadda haƙƙin jama'a ce baki ɗaya, ba mai ikon toshe ta ko cin wani yanki nata, da lungu marar ɓullewa wanda na mazaunansa ne. Wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini da hanya da maƙwabtaka. Zira'i bakwai an auna shi ne da raƙumi mai kaya. Namu zamanin na motar asibiti ne da ta kashe gobara, sai a auna da su. Mai fito da masai kan layi ya sani abin da ya ci ba na gwamnati kaɗai ba ne, na maraya ne da makaho da duk wanda zai bi wurin har tashin duniya.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, domin mafi arharsa tun ƙasa tana gona ake yi. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a bar wa tituna aƙalla kashi 30 cikin ɗari na filin unguwa, da tsawon titi kilomita 18 a kowace murabba'in kilomita. A Habasha, tun daga 2013, garuruwa irin su Hawasa da Adama da Bahir Dar da Mekele sun yi aiki da masana na Jami'ar New York, suka fita bayan gari suka shata hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kimanin kilomita ɗaya, aka biya manoma diyyar abin da hanya ta ci, tun gini bai iso ba. Ba sai an zuba kwalta a ranar ba. Turaku da burji sun isa su tsare wurin, kwalta da famfo da lantarki su biyo baya lokacin da hali ya samu. Zariya ma ba ta rasa masana ba, ga sashen tsara birane da na safiyo a jami'a a Samaru. Dokar filaye ta 1978 ta riga ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, dokar tsara birane ta 1992 tana nan, hukumomin jiha irin su KASUPDA da KADGIS suna nan.

Amma kafin takarda ta fito daga Kaduna, cinikin gona a gaban mai unguwa da dagaci ake yin sa, su ne shaidu, su ake kira in rigima ta tashi. Don haka roƙona ya fi karkata gare su, da Masarautar Zazzau da ke sama da su. Ranku ya daɗe, kada a sa hannu a takardar yankan gona sai an ga layinta ya kai iyaka a buɗe, ya fuskanci layin gonar da ke kusa. Fegi ɗaya ne zai tafi, a raba asararsa a kan sauran. Dillalai, ku sani unguwar da mota ke ratsawa ta fita filinta ya fi daraja, ladanku ba zai ragu ba. Unguwannin da aka riga aka gina, inda kango ɗaya ne ya raba layi biyu, jama'a su haɗa kuɗi su saye shi su buɗe, kamar yadda ake haɗawa a gina masallaci ko a sayi taransifoma. Mu kuma na Tudun Wada, mu daina cin layukan da muka gada da rumfa da dakali da shago. Kai kuma mai shirin sayen fegi, kafin ka tambayi kuɗinsa, taka layin da ƙafarka har ƙarshe ka ga ko yana ɓullewa. In ya ƙare a katanga, ka tambayi dalili tun ba ka biya ba.